Yadda Ake Haɗa Salak ɗin Dankalin Turawa Irin na Koriya a Gida

Duk wanda ya zauna a gidan gashin nama a Koriya ta Kudu, tun kafin nama ya hau wuta za a cika masa tebur da ƙananan kwanuka. Ga kimchi, wato kabejin da aka tsima da barkono da tafarnuwa, ga tsiron wake, ga ganyaye iri-iri. Waɗannan su ake kira banchan, 'yan rakiyar shinkafa da nama, kuma a yawancin gidajen abinci idan suka ƙare sai a ƙaro ba tare da an ƙara kuɗi ba. A cikin jerin nan sau da yawa akan ga wani farin curi mai ɗigon kore da ja, an barbaɗa masa gwaiduwar ƙwai a ka. Shi ne gamja salad, haɗin dankalin turawa na Koriyawa. Aikinsa a teburin shi ne sanyaya baki. An ci yaji, an ci tsami, an ci nama mai maiƙo, sai a kai cokali ɗaya na abu mai sanyi da laushi da ɗan zaƙi, harshe ya huta.

Ba irin haɗin dankalin Jamus ba ne, wanda ake barin dankalinsa yanka-yanka. Koriyawa marmasa dankalin suke yi har ya yi laushi, sannan su zuba masa kayan lambu da aka yanka ƙanana, masu ƙaras-ƙaras a baki. Daɗin abincin gaba ɗaya yana tsakanin laushin nan da ƙaras ɗin nan. Abin da ke rusa shi kuwa ruwa ne. Dankali ya sha ruwa, kokwamba ta tsatso nata, albasa ta ƙara, kafin awa biyu haɗin ya tsinke ya kwanta a gindin kwano. Saboda haka, uwargida, kusan duk matakin da za ki gani a ƙasa dabarar korar ruwa ce. In kika riƙe wannan, sauran aikin mai sauƙi ne.

Abincin ba tsoho ba ne a can. Shi kansa dankalin ya shiga Koriya ne wajen 1824, zamanin Sarki Sunjo na daular Joseon, ta iyakar arewa. Ya samu gindin zama a lardin Gangwon, ƙasar duwatsu da sanyi, lardin da garin Pyeongchang yake, inda aka yi gasar Olamfik ta lokacin hunturu a 2018. Bama kuwa, wato mayonis, wadda ake haɗa salak ɗin da ita, sai a 1972 kamfanin Ottogi ya fara sarrafa ta a ƙasar, daga nan ta bazu a gidaje. Tudu da sanyin da suka sa dankali ya karɓi Gangwon su ne suka sa ya karɓi Bokkos da Mangu a jihar Filato, kuma dankalin Jos da ke kasuwanninmu yana yin wannan haɗi sosai.

Kayan da za ki tanada

Wannan awon zai ishi mutum 4 zuwa 6 a matsayin ɗan rakiyar abinci.

- Dankalin turawa giram 700, wato manya 4 ko matsakaita 6 zuwa 7
- Ƙwai 3
- Kokwamba 1, matsakaiciya
- Karas 1, ƙarami
- Albasa, kwatan babba
- Tuffa rabi, mai ƙarfi, ba wadda ta yi taushi ba
- Bama babban cokali 5 zuwa 6
- Sukari babban cokali 1
- Ruwan kal ko ruwan lemon tsami ƙaramin cokali 1
- Gishiri
- Garin masoro ɗan kaɗan
- Masarar gwangwani babban cokali 3, in kina so

Wajen sayen dankali ki duba da kyau. Wanda ya yi kore a jiki ko ya fara tsiro yana tara wani sinadari mai ɗaci da ke ɓata ciki, kuma tafasa ba ta kashe shi. In koren ɗan kaɗan ne ki yanke wurin da zurfi ki yar, in ya mamaye dankalin ki bar shi gaba ɗaya. Wanda ya fi dacewa shi ne mai gari-gari idan ya dahu, wanda ke farfashewa da kansa. Sabon haƙa mai ɓawon da ke saluɓewa da yatsa ya fi ruwa, zai yi, amma sai kin ƙara masa lokaci a matakin busarwa.

A girkin Koriyawa da yawa za ki ga ana yanka ham a ciki, kuma ham naman alade ne. Ki bar shi, haɗin ba ya rasa komai. In kina son nama a ciki, ɗan dafaffen ƙirjin kaza da aka yanka ƙanana ya wadatar.

Mataki na 1: ɗora dankali da ƙwai

Ki fere dankalin, ki yanka kowanne gida huɗu, ƙananan kuma gida biyu, yadda duk za su zo kusan girma ɗaya. Kada ki yanka shi ƙanana don ya yi saurin dahuwa, domin yawan yanka shi ne yawan ƙofar da ruwa zai shiga. Ki ɗauraye, ki zuba a tukunya, ki zuba ruwan sanyi ya sha kansa kaɗan, ki sa gishiri ƙaramin cokali 1. Da ruwan sanyi ake farawa don ciki da waje su dahu tare. Idan aka jefa dankali a tafasasshen ruwa, bayansa zai narke alhali cikinsa da saura.

Da zarar ya tafasa ki rage wuta, ki bar shi minti 15 zuwa 20. Alamar dahuwa ita ce ki soka cokali mai yatsu ya shige har tsakiya ba turjiya. Ki gwada babban cikinsu, ba ƙaramin ba.

A wata tukunyar ki dafa ƙwan. Minti 11 zuwa 12 bayan ruwa ya tafasa ya isa gwaiduwa ta dahu ta yi gari ba tare da ta yi baƙin zobe a gefe ba. Ki tsame ki jefa a ruwan sanyi, ɓawon zai fi saurin fita.

Mataki na 2: kokwamba, albasa da karas

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma lokacin da dankali ke kan wuta ake yin sa.

Kokwambar Koriya siririya ce, ɓawonta ba kauri, 'ya'yanta ƙanana. Tamu takan zo da girma da yawan 'ya'ya, kuma ruwan yana cikin 'ya'yan nan. Ki wanke ta, ki tsaga ta biyu a tsaye, ki sa ƙaramin cokali ki kwashe tsakiyar duka. Ɓawon kada ki fere shi gaba ɗaya, don shi ke ba haɗin koren launinsa. In ya yi kauri sai ki fere layi ki bar layi. Sannan ki yanka ta siri-siri, falle-falle, iya sirantar da wuƙarki za ta iya.

Ki zuba a roba, ki barbaɗa gishiri rabin ƙaramin cokali, ki cakuɗa da hannu, ki bar ta minti 10 zuwa 15. Za ki ga ruwa ya taru a ƙasa, kokwambar ta yi laushi tana lanƙwasuwa ba ta karyewa. Gishirin ne ya janyo ruwan da ke cikinta, ruwan da da a cikin haɗinki zai fita. Ki ɗauraye ta sau ɗaya da sauri don rage gishirin, ki juye a ƙyalle mai tsabta, ki tattara bakin ƙyallen ki murɗa da ƙarfi. Ki matse, ki sake matsewa, har sai ɗigo ya tsaya. Za ki ga kokwambar ta koma ɗan dunƙule a tafin hannu, kada wannan ya dame ki. Abin mamakin shi ne kokwambar da aka matse ta fi ɗanya ƙaras-ƙaras a baki, kuma tana riƙe shi har washegari.

Albasarmu ja ce, tana da ƙarfi ƙwarai, in aka zuba ta haka nan za ta danne komai, gobe kuma warinta ya cika kwanon. Ki yanka ta mitsi-mitsi, ki jiƙa a ruwan sanyi minti 10, ki tsane, ki matse ta a ƙyallen nan ita ma. Kwatan albasa ya isa, kada ki ƙara.

Karas ki kankare, ki yanka ƙanana kamar ƙwayar masara ko ƙasa da haka. Wasu suna sa shi ɗanye, wasu suna jefa shi cikin tukunyar dankali a minti 2 na ƙarshe. Ni na fi son a ɗan sa masa gishiri tare da kokwamba a bar shi ɗanye, domin dafaffen karas laushi yake ƙarawa, mu kuwa laushi muna da shi a dankali. Amma in akwai ƙananan yara ko tsofaffi a gidan, ɗan tafasa shi ya fi.

Masarar gwangwani, in za ki sa, ki tsiyaye ruwanta a kwalanda ki shanya ta a ƙyalle. Tuffa kuwa ki ajiye ta tukuna, ba yanzu ba.

Mataki na 3: busar da dankali

Dankali ya dahu, ki juye a kwalanda ya tsane. Mutane da yawa daga nan suke wucewa marmasawa, kuma nan ake yin asara. Ki mayar da shi cikin tukunyar da babu ruwa, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, kina girgiza tukunyar minti 1 zuwa 2. Tururi zai riƙa tashi, gefen dankalin zai yi fari ya fara gari, ƙasan tukunyar ya bushe. To ki sauke. Kada ki bar wurin, yana saurin kamawa.

Mataki na 4: marmasawa da ɗanɗanon farko

Da zafinsa ake marmasa dankali, in ya huce sai ya yi gudaji masu tauri. Ki juye a babbar roba ki danne shi da cokali mai yatsu ko bayan ludayi. Ki marmasa mafi yawansa, ki bar 'yan gutsattsari nan da can don haƙori ya samu abin taɓawa.

Blanda da turmi ba su da aiki a nan. Dankali cike yake da sitaci, kuma idan aka daka shi ko aka niƙa shi da ƙarfi, sitacin yana fashewa ya fito, sai ya yi danƙo kamar sakwara. In hakan ta faru babu abin da zai dawo da shi. Dannawa ake yi a hankali, ba tuƙi ba.

Tun yana da zafi ki zuba sukari da ruwan kal da ɗan gishiri kaɗan, ki juya sama-sama. Dankali mai zafi yana shan ɗanɗano har ciki, mai sanyi kuwa a bayansa kawai abin yake tsayawa. Ki yi hankali da gishirin, don akwai shi a ruwan dahuwa, akwai saura a jikin kokwamba, bama ma tana da nata.

Game da sukarin nan, na san akwai wadda za ta ce me ya haɗa dankali da sukari. Ki sa. Ɗan zaƙin nan shi ne tambarin wannan haɗi, shi ya raba shi da na sauran ƙasashe. Cokali 1 a giram 700 ba zai mayar da shi alawa ba, zai dai tausasa tsamin bama ne. In kina shakka ki fara da rabi, ki ɗanɗana a ƙarshe. Haka kuma ina roƙon ki da ki ajiye dunƙulen magi da kori da attarugu gefe a yau. Wannan abinci an yi shi ne don ya zauna kusa da mai yaji ya kwantar da shi, in shi ma ya ɗauki yaji to aikinsa ya tashi.

Yanzu ki baza dankalin a robar ko a faranti mai faɗi, ki bar shi a buɗe ya huce, kamar minti 20 zuwa 30. Kada ki rufe, tururin zai koma ruwa ya ɗiga ciki.

Mataki na 5: ƙwai da tuffa

Ki ɓare ƙwan, ki raba kowanne biyu. Ki cire gwaiduwa ɗaya ki ajiye don ado. Sauran gwaiduwa biyun ki murmushe su cikin dankalin, su ke ƙara masa garɗi da ɗan launin ɗorawa. Farin ƙwan duka ki yanka ƙanana.

Sai yanzu za ki yanka tuffa, domin tana yin duhu da zarar iska ta taɓa ta. Ki wanke, ki cire tsakiyar, ki bar ɓawon, ki yanka daidai girman karas ko ɗan fi. In kin ga za a ɗan jima kafin haɗawa, ki ɗiga mata lemon tsami.

Mataki na 6: haɗawa

Ki taɓa dankalin da bayan yatsa. In da sauran zafi ki ƙara haƙuri. Bama haɗin mai ne da ƙwai da tsami, zafi yana raba su, sai ki ga mai yana kwance a sama yana ƙyalli. Ɗumi kaɗan ba laifi, zafi ne ba a so.

Ki zuba kokwamba, ki warware ta da yatsu don ta dunƙule wajen matsa. Ki zuba albasa, karas, farin ƙwai, tuffa da masara. Ki sa bama cokali 4 tukuna da ɗan masoro, ki juya daga ƙasa zuwa sama a hankali har komai ya haɗu. Sannan ki duba. Abin da ake nema shi ne haɗin da za ki ɗebo da cokali ya tsaya a curinsa, ba ya zuba, ba ya kuma farfashewa. In ya bushe ki ƙara cokali 1, ki sake dubawa. Dankali ya bambanta, wani yana shan bama fiye da wani, shi ya sa ba a zuba ta duka lokaci ɗaya. Wadda ke ganin bama ta yi mata nauyi tana iya maye cokali 2 da yogot marar sukari mai kauri.

Ki ɗanɗana. Ya kamata ki fara jin garɗi, sai ɗan zaƙi, sai tsami can a ƙarshe. In ya yi lami, gishiri ne ya gaza. In zaƙi ya yi yawa, ɗigon lemon tsami zai daidaita shi. Ki tuna sanyi yana rage ƙarfin ɗanɗano, don haka abin da ya yi daidai yanzu zai ɗan ja baya idan ya fito daga firji.

In kuma duk da haka haɗin ya yi ruwa, akwai gyara. Ki dafa dankali 1 ko 2, ki busar, ki marmasa, ya huce, ki zuba a ciki, ki gyara gishiri.

Mataki na 7: sanyi da ado

Ki rufe ki sa a firji aƙalla awa 1. A nan ɗanɗanon ke shiga juna, haɗin kuma ya ƙara kama jikinsa. A gidajen abincin Koriya da cokalin ɗiban askirim ake cura shi a ɗora a ƙaramin kwano. In ba ki da shi, ki danna haɗin a ƙaramin kofi ki kife a faranti, ko ki tara shi da cokali ki shafe gefensa.

Gwaiduwar da kika ajiye ki sa ta a rariyar shayi busasshiya, ki riƙe a saman curin, ki danna da bayan cokali. Za ta riƙa zuba gari-gari, ɗorawa shar a kan fari. Ki yi wannan dab da kai wa tebur, domin in ta kwana a firji takan bushe ta dushe.

Da me ake ci

A Koriya yana zuwa ne kusa da bulgogi ko galbi, wato naman sa da aka jiƙa a kayan haɗi aka gasa, tare da shinkafa da kimchi. A gidanki duk abin da ke da yaji da ƙamshin wuta zai karɓe shi: tsire, balangu, gasasshiyar kaza, soyayyen kifi, ko dafa-dukan shinkafa da ta ji attarugu. Ba a cika faranti da shi, curi ɗaya a gefe ya isa.

Akwai kuma hanya ta biyu da Koriyawa ke ƙauna, ita ce cusa shi a burodi. Ki samu ƙananan burodi masu laushi, ki tsaga, ki cika su da haɗin har ya leƙo. In yankakken burodi ne, ki shafa wa falle ɗaya bota siriri don kada ya jiƙe, ki ɗora haɗin da kauri, ki rufe, ki yanka biyu. Wasu a can har jam ɗin sitiroberi suke shafawa a falle ɗaya, zaƙi da gishiri su haɗu. Ragowar jiya ta fi dacewa da wannan, don ta riga ta kama jikinta.

Ajiya

Nan sai an kula, musamman a ƙasar zafi. Dafaffen dankali da ƙwai abinci ne da ƙwayoyin cuta ke saurin yaɗuwa a cikinsa, kuma ba lallai wari ko ɗanɗano ya nuna ba. Ƙa'idar ita ce kada ya wuce awa 2 a waje, in kuwa zafin gari ya haura digiri 32, awa 1. A firji mai sanyi sosai, cikin roba mai murfi, yana kai kwana 3. Kada ki sa shi a firiza, in ya narke dankalin yana saki bama ta rabu.

In wutar lantarki ba ta tsayawa a unguwarku, ki yi daidai wanda za a cinye a zama ɗaya, ki raba awon nan biyu. Don sanyaya shi, ki sa robar haɗin a rufe cikin kula, ki kewaye ta da ƙanƙara na awa 1. In na biki ne ko walima, ki shirya dankali daban, kayan lambu daban, ki ajiye su cikin sanyi, ki haɗa da bama dab da rabawa, ki riƙa fito da shi kaɗan-kaɗan maimakon ɗora babban kwano a tebur tun safe. Haka ma abincin makaranta: in yaro zai ci da ƙarfe goma na safe, ki sa masa burodin a ƙaramar kula tare da gorar ruwan da ta yi ƙanƙara, in kuwa sai bayan azahar zai buɗe, ki bar masa shi a gida ya tarar.